Allurar Tela a Laburare

Idan mutum biyu suka ba ka amana, ɗaya ya damƙa maka sirrinsa, ɗaya ta damƙa maka zuciyarta, sai ya zamana ba ka iya riƙe ɗaya sai ka saki ɗaya, wacce za ka saki? Na daɗe ina juya tambayar nan a raina, har yau ban samo amsar da zan kwana a kanta ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda ta kaya da wani saurayi ma'aikacin laburare, a wata kaka da ta wuce.

Laburaren unguwa ne, ba wani babba ba. Zaure guda mai dogayen tagogi, kantocin littattafai a jere, sai ƙananan ɗakuna biyu a can ƙurya. Yawancin shekara shiru yake. Amma da kaka ta kama, ganyen itatuwan bakin titi ya fara ja yana zuba, rana ta fara saurin faɗuwa, sai wurin ya farka. A yi ajin koya wa tsofaffi amfani da waya. A yi ranar gyara, kowa ya kawo rediyonsa ko dutsen gugarsa da ya mutu. A karanta wa yara labari. A ƙarshen kakar kuma likitan ido ya zo ya duba jama'a kyauta.

Ranar musayar irin shuka saurayin ya haɗu da wata budurwa. Tana tsaye gaban teburin iri, riƙe da wata kwalba cike da iri kala-kala a cakuɗe, tana ba wata tsohuwa labari da muryar da ta kai har ƙofar waje. Ya taso daga kujerarsa, yatsa a kan leɓe.

"Baiwar Allah, a ɗan rage murya."

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "A rage take ai, malam. Da ka ji ta a aji."

"Malama ce ke?"

"Ta 'yan aji ɗaya. A wurinmu mai raɗa ba ya kai labari."

Ya so ya ɗaure fuska, fuskar ta ƙi ɗauruwa. Ya nuna kwalbar. "Wannan kuma irin mene ne? Ƙa'ida ita ce kowane iri a ƙunshinsa, da sunansa."

"Ni ma ban sani ba. Wanda ya shuka zai gani."

Ta ɗaga kwalbar don ta nuna masa, murfin ya suɓuce, iri ya watse a ƙasa yana gangarawa ƙarƙashin kantoci. Suka durƙusa suna tsincewa, tsohuwar nan tana ta dariya a kansu.

"Ka ga abin da shirunka ya jawo," in ji ta.

"Shiruna ne ya buɗe murfin?"

"Shi ya firgita ni, Malam Shiru."

Daga ranar sunan ya kama shi. Shi kuma ya rama, ya sa mata Surutu.

Ta fara kawo 'yan ajinta sauraron labari, in an tashi iyaye sun kwashe yaransu sai ta tsaya wai tana neman littafi. Littafin bai taɓa samuwa da wuri ba. In ya rufe ƙofa sai ya raka ta inda take hawa bas, suna taka busasshen ganye, ita tana zuba, shi yana saurare. Mutum ne da bai saba a tambaye shi yadda ya wuni ba. Ita kuwa in ta tambaya, tsayawa take ta ji amsa.

Wata rana da yamma ta turo masa saƙo:

"Malam Shiru, yau na shigo na fita ban ce uffan ba. Ina ladana?"

Ya mayar mata: "Na lura. Wurin ya yi mini faɗi, na rasa me ke damuna. Gobe ki taho da muryarki, zan yi kamar ban ji ba."

"Wato ka yi kewar surutun?"

"Na yi kewar mai shi."

Ta daɗe tana kallon wayar tana murmushi, sannan ta rubuta: "Shiruna, ashe ka iya magana. Allah ya sa kar ka saba, ka ƙwace mini sana'a."

A ɗaya daga ƙananan ɗakunan nan na ƙurya akwai na'urar da ke ƙara girman rubutu. Ka ɗora takarda a ƙarƙashinta, sai haruffa su fito manya-manya a allo. An tanade ta don masu raunin gani, kuma Malam Shiru ne ke kula da ɗakin. An koya masa yadda ake hidimar irin waɗannan mutane: in ka shigo ka yi magana don a san kai ne, in za ka miƙa abu ka tura shi har ya taɓa bayan hannun mutum, ka faɗi inda yake. Ya yi ta yi har abin ya zame masa jiki. An kuma koya masa babbar dokar aikin, cewa abin da mutum ya karanta da abin da ya zo nema tsakaninsa ne da Allah. Ba a faɗa wa matarsa, ba a faɗa wa ɗansa, ba a faɗa wa maƙwabci. In ba don wannan doka ba, rabin masu shiga ɗakin da ba su taɓa shiga ba.

Tun farkon kakar wani dattijo yake zuwa, da tsakar rana lokacin da babu mutane. Tsaf da shi, kwat ɗinsa babu inda zare ya fito. Bai taɓa kawo takarda ba. Sai ya rufe ƙofa, ya fito da ɗan matashin allurai daga aljihu, da zarurruka, ya ɗora allura a ƙarƙashin na'urar. Kafar allurar ta fito a allo kamar ƙofar gida. Ya zura zare, ya soke ta a matashin, ya ɗauko wata. Sai ya cika matashin kaf da allurai masu zare, waɗanda za su ishe shi aikin mako, sannan ya tashi.

Tela ne, gwanin ɗinkin hannu. Keken ɗinki kam, yana iya zura masa zare da lalube, amma ƙananan allurai sun gagare shi.

Ranar farko da Malam Shiru ya gan shi yana yi, dattijon ya ɗago ya ce, "Samari, ka ga wani abu?"

"Ban ga komai ba, Baba."

"Madalla. Tela makaho ba shi da mai kawo masa ɗinki. Ko a gidana ba wanda ya sani. Amana."

"Ko ba ka ce ba, haka aikin yake."

Suka saba. Malam Shiru yakan kawo masa shayi, ya tura kofin har ya taɓa hannunsa. Dattijon yakan ba shi labarin yadda ake gane yadi mai kyau da yatsa. Malam Shiru bai taɓa tambayarsa sunansa ba, shi ma bai faɗa ba.

Da maganar Shiru da Surutu ta yi nisa, sai ta ce ya zo ya gaida mahaifinta. Ya sa rigarsa mafi kyau, ya tafi. Ta shigar da shi falo, ta ce, "Baba, ga baƙon da na gaya maka."

Dattijon allurai ne zaune a kujera.

Malam Shiru ya durƙusa ya yi gaisuwa irin ta wanda bai taɓa ganin mutum ba, kamar yadda aikinsa ya koya masa. Tela kuwa tun daga sallamar ya gane muryar. Ya amsa a taƙaice. Uwar gidan ta leƙo ta amsa gaisuwa da fara'a ta koma. Surutu ta kawo shayi, ta zuba, ta ajiye kofin mahaifinta a kan tebur.

Tela ya miƙa hannu, hannun ya nufi gefen kofin, inda babu komai.

Kafin Malam Shiru ya yi tunani, hannunsa ya riga shi. Ya tura kofin a hankali har ya taɓa bayan hannun dattijon, ya ce, "Ga shi a damanka, Baba. Da zafi."

Surutu ta yi dariya. "Baba, ka ga ladabi? Tun yanzu zai ƙwace mini fada."

Tela bai yi dariya ba. Ya janye hannunsa kamar wanda wuta ta lasa. Shayin nan har ya huce bai taɓa shi ba. Da baƙon ya tafi, ya kira 'yarsa.

"Uwata, yaron nan bai yi mini ba."

"Baba, me ya yi?"

"Ban ce ya yi wani abu ba. Na ce bai yi mini ba."

"Ko magana ba ku yi ba fa."

"Wadda muka yi ta isa."

A ransa gani yake da gangan saurayin ya yi, don ya nuna masa cewa wuyansa na hannunsa. Ko da ma ba da gangan ba ne, ta yaya zai zauna da surukin da ya gan shi yana fama da kafar allura kamar ɗan koyo? Ta yaya za a yi mai irin wannan hannun ya riƙa shiga gidansa, sirrin bai fasu ba?

Akwai ɗan mai shagon yadi da ya daɗe yana kewaye gidan. Ba mugu ba ne, sai dai idonsa kullum na kan wayarsa, ko gaisuwa yake yi yana latsawa. A da Tela ba ya ko son jin sallamarsa. Yanzu sai ya fara yabonsa, yana cewa yaro ne mai kunya, ba ya ƙura wa manya ido. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ai ko gobara ake yi a gabansa sai ya gama karanta saƙo." Tela ya ce shi dai ya fi kwanta masa.

Surutu ba wawuya ba ce. Ta ga yadda mahaifinta ya canza tun daga sallama. Ta sami Malam Shiru a hanyar bas, ta tsaya a gabansa.

"Zan tambaye ka abu ɗaya. Ka san Baba kafin ranar nan?"

In ya ce a'a ya yi mata ƙarya. In ya ce e, tambaya ta gaba ita ce a ina, kuma duk unguwar an san ɗakin da yake kula da shi.

"Aikina bai ba ni damar in ce e ko a'a ba."

"Aikinka? Ni ce fa. Ba littafi na zo aro ba."

"Na sani, Surutuna."

"Kar ka ce mini Surutunka. Faɗa kuka taɓa yi? Wani abu ya gan ka kana yi? Wata ce ya gan ka da ita?"

"Wallahi babu wata."

"To mene ne?"

"Ba nawa ba ne da zan faɗa."

Idonta ya ciko. "Ni duk abin da ke cikina na zazzage maka, har abin da bai kamata ba. Kai kuwa ƙofa ɗaya na ƙwanƙwasa ka ce a rufe take. Haka za mu yi zaman auren?"

Bas ya zo, ta hau ba ta waiwayo ba. Da ta isa gida saƙonsa ya riga ta:

"Ban taɓa yi miki ƙarya ba, shi ya sa yau na kasa ba ki amsa. Ki yi fushi da ni, kina da gaskiya. Amma kar ki zargi kanki, kar kuma ki zargi Baba. Ina nan inda kika bar ni."

Ta amsa: "Shirun da na so a wurinka shi ne yau yake cina. Ka bar ni in huta."

Ta daina kawo yara da kanta, wata malama ta karɓe ta. Tela ma ya daina zuwa ɗakin ƙurya. Wannan ya fi damun Malam Shiru fiye da yadda ya zata, don ya san allurai sun ƙare, ya kuma san ranar likitan ido ta matso.

Sai ya tafi shagon. Ɗan ƙaramin shago ne mai matakala a bakin ƙofa, kwat-kwat rataye a bango, ƙanshin yadi da tururin guga. Ya tarar da Tela shi kaɗai, ya kai allura kusa da hanci yana ta soka zare a iska.

"Salamu alaikum, Baba. Ni ne, na laburare."

Tela ya ajiye allurar. "Na san za ka zo. To, faɗi farashinka. In ba ka 'yata, ka yi shiru, ko ba haka ba?"

"Ba maganarta ta kawo ni ba. Likitan ido zai zo ranar rufe hidimar kaka. Na zo in roƙe ka ka je."

"In shiga layi a gaban duk unguwa? Gobe kowa ya kwashe ɗinkinsa?"

"Idon ya fi ɗinkin, Baba. Wata cutar in an tare ta da wuri tana tsayawa."

"Ka gaya mata?"

"A'a."

"Me ya hana ka? Kalma ɗaya ce, ka wanke kanka."

"Kai ka ba ni ajiya. Amma tunda ka tambaye ni, zan faɗi abin da ke raina. Ya kamata su sani. Ba don ni ba. Ranar nan kofi ne. Wata rana mota ce a titi."

Tela ya miƙe a fusace don ya nuna masa ƙofa. Ƙafarsa ta ci karo da ƙaramar kujera, ya yi taga-taga ya nufi matakala. Malam Shiru ya yi wuf ya kama damtsensa. Dattijon ya fizge da ƙarfin da ba a zata ba.

"Sake ni! Ranar da na bari aka ja ni da hannu, ranar a haƙa mini kabari. Fita."

Ya fita. Sai dai kafin ya fita ya ɗauke kujerar daga hanya, ya jingine ta a bango.

Yana tafe yana tambayar kansa ko shirun nan nasa amana ce ko tsoro. In dattijon ya makance gaba ɗaya saboda an biye masa, wa zai ɗauki alhakin? In kuma ya faɗa, wane tsoho ne zai sake yarda ya shiga ɗakin ƙurya ya rufe ƙofa? Ya koma bakin aikinsa, ya goge allon na'urar duk da ba mai amfani da ita.

A gida kuwa Surutu ta yi sanyi. Gidan da muryarta ke cikawa ya koma kamar an yi rasuwa. Wata safiya ta kawo wa mahaifinta shayi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Baba, ka yi gaskiya. Na rabu da shi."

"Me ya faru?"

"Yana ɓoye mini wani abu. Na tambaye shi ko ya san ka, ya ce wai ba nasa ba ne da zai faɗa. Na yi fushi, na yi kuka, na ce ya bar ni. Ya gwammace ya rasa ni da ya buɗe baki. In ɗan mai yadin kake so, ka yi yadda ka ga dama. Ni duk ɗaya ne."

Ta faɗi haka da wata ƙaramar murya da bai taɓa jin ta da ita ba. Fuskarta ba ya ganinta sosai, amma kunnensa lafiya lau yake.

"Ya gwammace ya rasa ki," Tela ya maimaita a hankali.

"Haka na ce."

Shi da ya auna mutane da tef shekara da shekaru, ya ga wannan karon ya yanka ba daidai ba. Yaron da ya ɗauka ya riƙe masa wuƙa a wuya, ashe kansa yake yanka da ita.

"Uwata, kira mini mahaifiyarki. Ki dawo ke ma ki zauna."

Da suka zauna ya ce, "Ku dube ni da kyau, don ni ba na ganinku da kyau. Tun bara abin ya fara. Tsakiyar duk abin da na kalla sai in ga kamar an shafa masa toka." Ya gaya musu komai, har allurai, har ɗakin ƙurya, har kofin shayi.

Matarsa ta share hawaye da bakin mayafi. "Malam, na ga ka daina karanta jarida, na ga kana sa riga a bai-bai. Na ce in na yi magana za ka ce na raina ka."

Surutu kuwa kuka take tana faɗa. "Baba, a gida ɗaya muke! Ni da nake sa wa yara zare a allura a ajin sana'a, ka tsallake ni ka tafi wurin na'ura?"

"Na'ura ba ta tausaya wa mutum, Uwata. Abin da na guda ke nan."

Ranar rufe hidimar kaka zauren ya cika. An jera kujeru, tsofaffi da matasa suna jiran likita. Malam Shiru yana nuna wa mutane wurin zama, sai ya ji wata murya daga bakin ƙofa, wadda ta kai har ƙurya.

"A ba mu hanya, jama'a, Babana ne zai ga likita!"

Ya juyo. Ga Tela cikin kwat ɗinsa, yana tafe da ƙafarsa a hankali, 'yarsa a gefe. Mutane suka yi ta gaishe shi, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a layi a gaban kowa. Wani mai kawo masa ɗinki ya matso ya ce, "Ashe kai ma, maigida? Ni ma nawa idon sai a hankali." Ba wanda ya ce a ba shi yadinsa.

Likita ya duba, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma sauran ana iya riƙe shi da magani, in an bi asibiti. Ya ƙara da cewa da an zo da wuri, da abin da aka tsira da shi ya fi haka.

Surutu ta sami Malam Shiru a tsakanin kantoci.

"Ka ji abin da likita ya ce? Da ka gaya mini tun ranar shayi, da mun tafi asibiti tun lokacin."

"Na ji. Tun ɗazu yake cina."

"Ban san ko in gode maka ba ko in rufe ka da duka."

"Ni ma ban san wanda na cancanta ba."

Ta dube shi, hawaye da dariya a haɗe. "Amma na san abu ɗaya. Duk abin da na ba ka ajiya, ko sama da ƙasa za su haɗe, yana nan. Ka yafe mini zargin da na yi maka."

"Ke ma ki yafe mini kukan da na sa ki."

"A ɗan rage murya, malam," in ji ta. "Laburare ne nan."

Da yamma ta turo masa: "Shiruna, Baba ya ce ka turo manyanka. Ya ce kuma in gaya maka shayin ranar nan yana binka, sai ka zo kun sha tare."

Ya mayar: "Alhamdu lillahi. Ki gaya wa Baba ina tafe. Ke kuma, Surutuna, ki tanadi duk labaran da kika hana ni kwanakin nan, ba zan yafe ko ɗaya ba."

Ɗan mai yadi da labari ya kai masa, ya ɗago daga wayarsa ya ce Allah ya sanya alheri, ya mayar da kai.

Kafin sanyi ya kankama aka ɗaura aure. Tela ya rantse shi zai ɗinka rigar amarya, kuma ya ɗinka. Kullum da safe Surutu ta cika masa matashi da allurai masu zare, yana yi mata faɗa wai zaren ya yi tsawo. Yatsunsa suka yi sauran aikin, don su ba su manta komai ba.

Bayan ɗaurin auren aka taru a wani zaure na sama. Da aka natsu, Tela ya miƙe, ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar ango.

"Ni na ƙi yaron nan," ya ce. "Ba don aibinsa ba, don nawa. Na ba shi ajiyar da ta fi ƙarfin saurayi, ya riƙe har ta kusa karya shi. Yau ga wata ajiyar na ba shi, wadda ta fi waccan nauyi, ta kuma fi ta surutu."

Zauren ya kwashe da dariya, amarya ta rufe fuska.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya sa ku rufa wa juna asiri, ya kuma ba ku hikimar sanin ranar da ya kamata a buɗe."

Aka amsa da amin.

Da aka tashi, jama'a suka nufi matakala. Doguwa ce, fitilarta kuma ba ta da haske sosai. Tela ya zo bakinta ya tsaya, yana laluben matakin farko da ƙafa. Ango yana bayansa kaɗan, ya harɗe hannayensa a baya don kar su sake riga shi.

Dattijon ya ɗan juyo.

"Ɗana, kana nan?"

"Ina nan, Baba. A hagunka."

Tela ya ɗaga gwiwar hannunsa, a gaban surukai da maƙwabta da masu kawo masa ɗinki.

"To me kake jira? Zo ka kama ni mu sauka."